Daga Soro Zuwa POP: Yadda Dabarar Rage Zafi da Kuɗin Wuta Ke Shiga Ɗakinmu

Idan ka taɓa kwana a ɗakin kwano a Kazaure ko Babura cikin watan Afrilu, ba sai an yi maka dogon bayani ba. Da rana zafi ya haura digiri 40, da dare kuma, ko da iskar waje ta ɗan yi sanyi, ɗakin na nan kamar tanda. Ga silin ɗin POP ya sha ado, ga ƙananan fitilu an jera, ga labule mai nauyi, amma da an ɗauke wuta fanka ta tsaya, sai ka ga mai gida ya naɗe tabarma ya yi tsakar gida. A ƙauyen kakata da ke ƙasar Roni akwai wani tsohon soro da ba wanda ke ɗaukarsa a bakin komai, amma duk bazara nan ne ake rububin yin ƙailula.

Abin da ya daɗe yana yi mini yawo a kai shi ne: ta yaya muka saki ɗakin da ke sanyaya kansa kyauta, muka kama wanda sai an biya kuɗi kafin ya zaunu? Kuma me ya sa wasu dabarun tsimin makamashi, irin su ƙwan LED da sola, suka shiga ɗakunanmu cikin 'yan shekaru, wasu kuwa da suka fi su amfani har yau suna bakin ƙofa? Amsar tana hannun mutanen da ke tsara mana cikin ɗaki, da yadda suke karɓar sabon abu.

Wane ne mai tsara ɗaki a nan?

A Ingila ko Amurka tsara cikin gida sana'a ce guda da ake karantawa a jami'a. A Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura aikin a rabe yake. Magini ne ke yanke inda taga za ta zauna. Kafinta ne ke ɗora kwano. Mai POP ne ke zana silin, shi ne kuma sau da yawa ke faɗa wa mai wayarin adadin fitilun da za a sa. Daga ƙarshe mata su zo jere: uwar amarya, gwaggonni da ƙawaye, su ne ke zaɓen gado da kabad da labule da kayan kicin. Duk cikinsu ba mai kiran kansa masanin makamashi, amma shawararsu ce ke yanke yawan wuta da fetur da itacen da gidan zai ci na shekara 20 ko 30.

Soro da kimiyyarsa

Masarautar Kazaure, wadda Roni da Gwiwa ke cikinta, ta kafu ne a farkon ƙarni na 19 a hannun Ɗan Tunku, wajajen 1819. A wancan zamani, a nan da Kano da Daura da Katsina, gidan mai hali na ƙasa ne. Ana kwaɓa ƙasa da ciyawa a yi tubali, a shanya a rana, a gina bango mai kauri daga ƙasa yana sirancewa zuwa sama. Rufi kuma azara ce ta giginya, a shimfiɗa zana ko asabari, a bi da ƙasa. Da yake azara ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin mita 2, magina suka ƙirƙiro bakan gizo, wanda ya ba su damar yin manyan zauruka. Wanda ya fi shahara a wannan fanni shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin Masallacin Juma'a na Zariya a rabin farko na ƙarni na 19. Don kare gini daga ruwa ana shafa makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsin marina. A ciki kuwa farar ƙasa ake shafawa.

To ina kimiyyar take? Ka ɗauki bangon ƙasa kamar rumbu, sai dai zafi yake adanawa ba hatsi ba. Rana ta doki bayan bango, zafin ba ya shigowa nan take. Sai ya yi awanni yana ratsa kaurin ƙasar. Kafin ya iso ciki rana ta faɗi, iskar waje ta yi sanyi, wani kaso nasa ya koma inda ya fito. A yankinmu, inda tazara tsakanin zafin rana da sanyin asuba ke da yawa, wannan dabara tana aiki sosai, har da hunturu, lokacin da bangon ke sako ɗumin da ya tara. Ƙananan tagogi suna rage hasken rana mai ƙuna, farar ƙasa kuma tana watsa ɗan hasken da ya shigo ko'ina cikin ɗaki. Tsayin rufin bakan gizo yana ba iska mai zafi wurin hawa ta bar mutane a ƙasa.

Kwanon rufi kishiyar wannan ne. Kaurinsa bai kai rabin milimita ba, ƙarfe ne mai saurin ɗaukar zafi, da tsakar rana yakan wuce digiri 60. Ba ya riƙe komai. Abin da ya karɓa daga rana nan take yake sauke maka shi a ka.

Yadda kwano ya yi nasara

Kada ka yi saurin cewa iyayenmu sun yi wauta. Suna da hujja. Soro yana son gyara kusan kowace shekara kafin damina, in an yi sakaci ya yi yoyo, in abin ya yi muni ya rufta da mutane. Giginya tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa sara, ga mutane na ƙaruwa, ga farin shekarun 1970 da 1980 ya yi wa itatuwan Sahel illa, azara ta yi tsada. Kwano kuwa tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 hanyar shigowarsa ta buɗe, kuma kafinta biyu za su rufe ɗaki a yini guda.

Sai kuɗin mai suka zo. An kafa NEPA a 1972, aka yi ƙarin albashin Udoji a tsakiyar shekarun 1970, a 1975 kuma jiragen ruwa ɗaruruwa ɗauke da siminti suka toshe tashar Legas. Makarantu, asibitoci da gidajen ma'aikata duk da bulo da kwano gwamnati ke gina su. Da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, sababbin sakatariyoyi da ofisoshi suka ƙara yawa. Yaron da ya taso yana ganin duk wani gini na hukuma da siminti yake, ba sai an ce masa gidan ƙasa na talaka ba ne. Idonsa ya faɗa masa. Kwano ma daga nesa yake ƙyalli, kowa ya san wane ya samu.

Lura da abu ɗaya a nan. Amfanin kwano a fili yake, ranar da aka ɗora shi ake gani. Hasararsa kuwa, wato zafi, an ɗauka lantarki zai biya ta: za a sa fanka, mai hali ya sa na'urar sanyaya ɗaki. An gina ɗakunan ne a kan alkawarin wutar da ba ta tsaya ba.

Abin da Rogers ya gano

A 1962 wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Everett Rogers, ya wallafa littafinsa kan yadda sabon abu ke yaɗuwa cikin al'umma. Ya ɗora ne a kan bincike irin wanda Ryan da Gross suka yi a 1943 kan yadda manoman Jihar Ayowa suka karɓi sabon irin masara. Abin mamaki, manoman sun ji labarin irin tun da wuri daga bakin 'yan kasuwa, amma yawancinsu sai da suka gani a gonar maƙwabci, suka gwada a ɗan gefen gonarsu, sannan suka yarda.

Rogers ya ce abubuwa biyar ne ke sa mutane su karɓi sabon abu da sauri: ya fi wanda ake da shi amfani, ya dace da al'ada da buƙata, ba shi da wuyar fahimta, ana iya gwada shi kaɗan kafin a zuba kuɗi, kuma ana iya ganin sakamakonsa da ido. Ya kuma kasa mutane gida biyar, daga 'yan ƙalilan masu fara gwaji, kashi 2.5 cikin 100, zuwa masu zuwa a ƙarshe, kashi 16. Bahaushe ya riga ya taƙaita na biyar ɗin: gani ya kori ji. Riƙe waɗannan biyar, mu auna tarihinmu da su.

Tukunya biyu da kular amarya

Misalin da ya fi kusa da mu ɗan gida ne. Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha da ke Dutse, wanda ya fito daga zuriyar masu ginin tukwane, ya yaɗa wata dabara a ƙauyukan Jigawa a shekarun 1990: a sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin babbar tukunya yana bin iska, kuma kowace lita da ta bushe tana tafiya da zafi kimanin kilojul 2,400. Shi ya sa dabarar ta fi aiki a busasshiyar iska irin tamu. An ruwaito yalon da ke lalacewa cikin kwana 3 yana kaiwa kwana 27. A shekarar 2000 ya samu lambar yabo ta Rolex.

Ba lissafin kilojul ya yi wa mutane ba. Ya ba maginan tukwane na gida aikin, ya raba dubbai kyauta don a gwada, ya kuma shirya wasan kwaikwayo aka ɗauka a bidiyo ana nunawa ƙauye-ƙauye. Kowace mace ta san randa da sanyin ruwanta, don haka abin bai zo mata a baƙo ba. Duka biyar ɗin Rogers sun cika.

Na biyu ma ba a lissafa shi cikin fasahar makamashi, amma ita ce. Jeren ɗakin amarya ya tashi daga ƙore da akusa zuwa tasoshi da kwanukan samira, daga nan zuwa tangaran a kabad mai gilashi, yau kuma kuloli da filas. Kula bango biyu gare ta da abin tare zafi a tsakani. Tuwon da aka kwashe da la'asar yana nan da ɗumi bayan isha'i, ba a sake hura wuta ba. Ruwan shayin asuba yana kaiwa hantsi. Ba wata hukuma da ta yi yekuwa a kanta. Ta shiga ne ta ƙofar jere, inda duk matan dangi ke taruwa su gani, su taɓa, su tambayi kuɗinta. Da ta zama abin da ake jin kunyar a kai amarya babu shi, magana ta ƙare.

Ƙwai uku

Tsohon ƙwan lantarki mai zare, kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci zafi yake zama, ba haske ba. A ɗakin kwano kamar ƙaramin kasko ne ka rataye. Bayansa aka kawo mai murɗe, wanda mutane suka fi kira da mai tsimin wuta. A ƙarshen shekarun 2000 Hukumar Makamashi ta Ƙasa, tare da ƙasar Kyuba da ECOWAS, ta yi shirin raba miliyan 1 nasa a Najeriya. Ya samu shiga, amma bai kafu ba: ya fi tsohon tsada sosai, kasuwa ta cika da marasa inganci, kuma wutarmu mai hawa da sauka tana saurin kashe shi. Mai wayarin da ya ba da shawarar a saya, aka kira shi bayan wata biyu ƙwai ya mutu, ba zai sake bakinsa ba. Nan akwai darasi: mai sana'a sunansa yake karewa kafin aljihunka.

LED daban ne. A farkon shekarun 1990 wasu masana uku 'yan Japan, Isamu Akasaki, Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka samar da shuɗin LED mai ƙarfi, wanda ya buɗe hanyar farin haske; sun karɓi kyautar Nobel a 2014. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60. Yi lissafi da kanka: ƙwai 10 na da, awa 6 a rana, yunit 3.6 ke nan a mita. Na LED kuwa 0.54.

Amma ba wannan lissafi ne ya fara shigo da shi gidajenmu ba. Ta tocila da fitilar caji ya shigo, inda kowa ya gwada shi da kuɗi kaɗan, ya ga ya kori aci-balbal da fitilar ƙwai. Sola ma ta riga shi zuwa yankin: a farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wata ƙungiyar Amurka mai suna Solar Electric Light Fund ta sa wutar sola a ƙauyuka uku na Jigawa, ciki har da Wawan Rafi, don famfon ruwa, asibiti, makaranta da masallaci. A lokacin kayan na da tsada ƙwarai. Da farashin faifan sola ya faɗi a shekarun 2010, sola da LED suka zama Ɗanjuma da Ɗanjummai, domin mai batir kowane wat ƙirga shi yake yi.

Sai mai POP ya rungume shi. Ƙwan LED ƙarami ne, ba ya zafi sosai, ana iya binne shi cikin silin, a ɓoye zarensa a bayan ado, a canza masa launi. Hotonsa yana kyau a waya, mai sana'a ya ɗora a WhatsApp ya samu sabon aiki. Wato don ado aka karɓe shi, tsimin wuta ya biyo baya a matsayin gyara.

Ga inda gizo ke saƙar. Falon da a da ƙwai biyu ke haskawa, wat 120, yanzu za ka ƙirga fitilu 24 masu wat 6, wato wat 144. An sa mai tsimi, amma wutar da ake ci ta ƙaru. Wani masanin tattalin arziki ɗan Ingila, William Stanley Jevons, ya lura da irin wannan tun 1865 game da kwal: idan abu ya rage ci, mutane sukan ƙara yawan amfani da shi.

Abin da ido ba ya gani

Yanzu ɗaga kanka ka dubi silin. Tsakaninsa da kwano akwai wani fili da ba mai leƙawa, kuma nan ne mafi yawan zafin ɗakin bene ɗaya ke shigowa. Maganinsa sananne ne: a shimfiɗa abin tare zafi a saman silin, ko takardar alminiyom mai ƙyalli a ƙarƙashin kwano; a bar kafofi don iska mai zafi ta fita; a zaɓi kwano fari ko mai haske maimakon baƙi ko ruwan ƙasa; a tsawaita bakin rufi ya yi wa bango da taga inuwa; a guji babbar taga a yamma. A 2017 Ma'aikatar Wuta, Ayyuka da Gidaje ta Tarayya, da taimakon hukumar GIZ ta Jamus, ta ƙaddamar da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine, wadda ta yi magana kan girman taga, inuwa, abin tare zafi a rufi, fitilu da na'urar sanyaya ɗaki. Tambayi mai POP ɗin unguwarku ko ya taɓa jin ta.

Auna abin tare zafi da ma'aunin Rogers ka gani. Amfani? Yana da shi, fiye da LED ma. Gwaji? Ba a iya gwada shi da Naira 500 kamar tocila. Gani? Da an rufe silin ya ɓace, baƙo ba zai yaba ba, hoto ba zai nuna ba. Ga wanda ke gina gidan haya kuma, shi zai biya, ɗan haya ya sha sanyi. Shi ya sa za ka ga an kashe maƙudan kuɗi a adon silin, an ɗora baƙin kwano don ya dace da fentin gida, sannan a sayo AC ta yi ta kokawa da zafin da aka gayyato da hannu.

Ba wai komawa tubali ba zai yiwu ba. A Jamhuriyar Nijar, wadda Babura ke iyaka da ita, magini Falke Barmu ya fara ginin Masallacin Yama na ƙasa a 1962, ya kuma samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Tun 1980 ake koya wa magina a can ginin ƙasa mai ƙubba wanda ba ya buƙatar azara. A Dandaji kuma, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun kammala sabon masallaci a 2018 da bulon ƙasa da aka matse da inji, suka mai da tsohon ya zama ɗakin karatu. Darajar irin waɗannan gine-gine ita ce suna sa mutum ya ga ƙasa a wurin da ake girmamawa, kamar yadda ofisoshin gwamnati suka yi wa siminti a da.

Kiɗa ya canza

Alkawarin wuta mai arha da aka gina ɗakunanmu a kansa ya ƙare. Bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. A Afrilun 2024 aka kai kuɗin yunit ɗaya Naira 225 ga 'yan rukunin A. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa, har da Kano da Katsina da Jigawa da KEDCO ke ba wuta, suka yi fiye da mako guda cikin duhu. Ga jariri, tsoho ko mai hawan jini, ɗakin da bai huce da dare ba ya wuce maganar rashin jin daɗi.

Idan tarihin nan ya koya mana wani abu, shi ne wa'azi ba ya shigar da sabon abu ɗaki. Sai an gani, an taɓa. Makaranta irin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure za ta iya gina ɗakuna biyu gefe da gefe, ɗaya da abin tare zafi ɗaya babu, a rataye ma'aunin zafi a ƙofar kowanne, a gayyato magina, kafintoci, masu POP da mata masu jere su shiga da azahar a watan Afrilu. Ranar da mai POP ya gane cewa sunan "wanda silin ɗinsa ba ya zafi" zai kawo masa aiki, ba sai an roƙe shi ba.

Kai kuma, in kana shirin gini ko gyaran ɗakin aure, kafin ka zaɓi zanen silin, tambayi mai aikin abu uku: me za a sa tsakanin kwano da silin, ta ina iska mai zafi za ta fita, kuma wat nawa ne jimillar fitilun da ya lissafa. Ka ce a raba fitilun ado da na amfani a makunni daban. Mai yiwuwa ya yi maka kallon mamaki a karon farko. In mutum uku suka yi masa tambayar a wata guda, da kansa zai je ya nemo amsa.